Masu sayar da shawarar cinikin farashin gaba: a biya su ko a bari?

Ɗan Wadata: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai masu aiko da takarda kullum ta Telegram, su ce sayi man fetur nan, saida zinari can, a kasuwar kwantiragin gaba ta Amurka, inda ake ƙulla farashin kaya yau a cika cinikin a wata rana nan gaba. Kuɗin wata jaka 30 ne, kuma suna cewa cikin shawara 10, takwas na ci. Mai jarin miliyan ɗaya da rabi na sefa a nan Yamai, zai iya binsu?

Mai Lissafi: Wa alaikumus salam. Fara da kuɗin watan: jaka 30 sau 12, jaka 360 ke nan, kashi 24 cikin 100 na jarinka. Sai ka ci wannan tukuna kafin ka ga dala ɗaya ta riba, ga kuma la'adar dillali a kowace shiga da fita.

Batun takwas cikin goma kuwa, a tambaye su nawa ake ci, nawa ake faɗi. In takwas ɗin kowane dalar Amurka 50 ne, biyun kowane 300, ka ci 400 ka faɗi 600. Mai takarda bai yi ƙarya ba, aljihunka ne ya rame.

Sannan girman kaya. Kwantiragi ɗaya na ɗanyen man Amurka da ake kira WTI ganga 1,000 ne. Farashi ya motsa da dala ɗaya, dala 1,000 ta tafi, wato jaka 600 in mun ƙaddara dala a sefa 600. Ƙaraminsa, Micro, ganga 100 ne. Abin da kake ajiyewa wurin dillali jingina ce kawai, ba kuɗin kaya ba. In ta yi ƙasa da iyaka zai nemi ciko, in ka jinkirta ya rufe maka a farashin da ya samu.

Ba'adare: Malam ya faɗi gaskiya, amma inda aka fi karyewa shi ne lokaci. Shi mai takarda yana lissafi da farashin da ya rubuta, kai kana shiga da wanda ka tarar. Saƙo ya iso, ka gani bayan minti goma, mutane ɗaruruwa sun riga ka dannawa. Rahoton ajiyar man Amurka yana fita yawanci ran Laraba, ƙarfe 3:30 na yamma agogon Yamai daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 4:30 sauran watanni. A wannan mintin farashi tsalle yake, kuma umarnin tsayar da asara, wato wanda kake bar wa dillali ya rufe cinikin in farashi ya kai wani adadi, ba ya lamunce maka adadin da ka sa, yana sayarwa ne a farashin da ya biyo baya. To ƙara da ɗaukewar wuta da tsinkewar intanet a watan Afrilu, lissafin ya fito.

Kowane kwantiragi kuma yana da ranar ƙarewa, kuma ba kowace takarda ke tunatar da kai ba. Ran 20 ga Afrilu 2020, kwantiragin WTI na watan Mayu ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifiri. Wanda ya saya ya riƙe shi, ban da jinginar da ta tafi, har bashi ya hau kansa.

Hajiyar Banki: Ɗana, ka nemi abu ɗaya: takardar lissafin asusun gaske daga dillali, ta shekara guda aƙalla, ba hoton fuskar salula ba. Dokar CFTC, hukumar Amurka mai sa ido kan wannan kasuwa, ta tilasta a rubuta gargaɗi in sakamakon na gwaji ne, don haka karanta ƙananan rubutun ƙasa. Ana iya duba sunan mutum kyauta a BASIC, shafin rajista na NFA, ƙungiyar masu wannan sana'a a Amurka, sai dai mai aika shawara iri ɗaya ga kowa sau da yawa ba a neman rajista gare shi. Duba kuma ko ya ce dole ka buɗe asusu ta hannunsa. In haka ne, yana iya cin la'ada kan yawan cinikinka, ko ka ci ko ka faɗi, shi ya sa saƙonni ba sa yankewa.

Fitar da kuɗi daga yankin sefa zuwa asusun waje yana ƙarƙashin dokar canji ta BCEAO, babban bankin yankin. Ka je bankinka ka tambaya kafin ka aika. Wanda ya ce tura masa ta waya zai saka maka, wannan wata magana ce daban, kar ka soma.

Ɗan Wadata: Na gode Hajiya. To in mutum yana so ya gwada su fa?

Mai Lissafi: Da biro da littafi, wata uku, ba ko dala. Rubuta sa'ar da ka ga saƙon da farashin wannan lokacin, ka cire la'ada da kuɗin wata. Sannan auna da jarinka: kashi ɗaya cikin 100 jaka 15 ne, wajen dala 25, wato motsin santi 25 (kwatan dala) a farashin ganga in Micro ɗaya ka riƙe. In iyakar asararsu santi 80 ce, shawara ɗaya da ta faɗi na cinye maka jaka 48. Biyar a jere, jaka 240.

Ba'adare: Kuma a tambayi malamai. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ba ta halatta irin wannan ciniki da ake rufewa da bambancin farashi ba tare da karɓar kaya ba.