Na tsinci lambobin yabon kakanmu na soja, ta ina zan faro binciken tarihinsa?

Jikar Kofur: Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna kwashe kayan kakarmu bayan rasuwarta sai muka ci karo da wani tsohon gwangwani a ƙasan akwati. A ciki akwai tauraro mai tsini shida da aka rubuta The Burma Star, zarensa ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe. Akwai wata kuma zagayayyiya, kan sarki a gaba, zaki ya taka wata dabba a baya. Sai wani ƙyalle rawaya da baƙin gizo-gizo a kai. Abin da muka sani kawai shi ne kakanmu ya je yaƙin Bama, ana ce masa Kofur, kuma ya rasu tun mahaifina yana yaro. Na juya su gaba da baya, ko harafi ɗaya na sunansa babu. Don Allah wa ya san hanya?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansu. Rashin sunan kada ya dame ki, haka Ingila ta raba yawancin lambobin yaƙin duniya na biyu, ba suna. Na yaƙin farko ne ake buga lambar soja da muƙami da suna a bakinsu. Tauraron ya tabbatar ya yi aiki a fagen Bama tsakanin Disamba 1941 da Satumba 1945. Mai zakin kuwa kusan duk wanda ya sa kaki a yaƙin ya samu, ba za ta ƙara miki komai ba.

Anti Rabi: Ƙanwata, kada ki bari kowa ya goge su da toka ko man goge ƙarfe wai su yi ƙyalli. Kuma kada a wanke zaren.

Malam Tsoho: 'Yata, kin kawo ƙyallen a ƙarshe kamar ba komai ba, alhali shi ne kan zancen. Gizo-gizon nan tambarin runduna ta 81 ce ta Afirka ta Yamma, wadda ta isa Indiya a 1943. Da a ta 82 yake, da mashi biyu a gicciye bisa gammo za ki gani. To a cikin ta 81, sojojin ƙasa na Najeriya sun kasu biyu. Bataliya ta 4 ta bi kwarin kogin Kaladan tare da 'yan Gambiya da Saliyo, har aka kai ga Myohaung a Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 kuwa an cire su an haɗa da dakarun Janar Wingate da ake kira Chindits, aka sauke su da jirage a bayan Japanawa a 1944. Kin ga hanya biyu ke nan, kuma sun yi hannun riga. Amma kada ki yanke cewa lallai mai bindiga ne. Rundunar na da dubban 'yan ɗaukar kaya a ka, don dajin ba ya biyuwa da mota, ga masu igwa, ga ma'aikatan asibiti, duk gizon nan ne a kafaɗarsu.

Jikar Kofur: Ikon Allah! Baba, kaka takan ce ya ba ta labarin jirgi yana jefo musu kaya daga sama. Ke nan da su Wingate yake?

Malam Tsoho: Kada ki yi gaggawa. Na Kaladan ma ta sama ake jefa musu guzuri. Abin da zai raba gardama lambarsa ce ta soja, ta 'yan Najeriya da NA take farawa. Ki nemi littafin sallamarsa ko wata takardar biyan kuɗi, a nan ake rubuta lamba da bataliya. In kin samu bataliya, kundin da kowace bataliya ke rubutawa kullum yana ma'adanar tarihi ta Ingila da ke Kew, na fagen Bama a ƙarƙashin WO 172. Sunan kofur da wuya ya fito, sai an yi sa'a, amma za ki san inda suka kwana da ranar da aka kai musu hari.

Abba Sadik: Aunty, ki duba shafin Commonwealth War Graves Commission, akwai sunayen 'yan Najeriya da yawa.

Baban Walid: Abba, wannan na waɗanda suka rasu a bakin aiki ne, shi kuwa ya dawo gida. Ni dai shawarata ki leƙa ofishin 'yan mazan jiya na Nigerian Legion a jiharku. Ki tafi da sunansa yadda Bature zai iya rubuta shi, don sau da yawa sunan gari ake liƙa wa mutum a madadin na uba.

Jikar Kofur: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzu na kira gwaggona, ta ce ta tuna wani ɗan littafi mai bangon kaki da kaka ke naɗewa cikin leda, tana jin yana wurin baffanmu. Gobe da safe zan je.