Naitiros a injin Camry 2.4 da ba a buɗe ba: zai ɗauki doki 75 ko ba zai ɗauka ba?

Mai Saiti: Jama'a, magana ɗaya zan ajiye, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Naitiros, iskar nan da ake fesa wa inji daga tukunya don ƙara masa ƙarfi, ba ya kashe inji, rashin saiti ne ke kashe shi. Injin 2AZ-FE na Camry mai lita 2.4, in lafiyarsa ƙalau, zai ɗauki ƙarin doki 75 ba tare da an taɓa fistin ko ringi ba. Iskar ita kanta ba ta cin wuta. Abin da take yi shi ne, idan ta shiga silinda zafi ya kai wajen digiri 300, sai ta rabu ta saki oksijin. Kashi 36 cikin 100 na nauyinta oksijin ne, iskar da muke shaƙa kuwa kashi 23 ce. Ƙarfin daga ƙarin fetur yake fitowa, naitiros hanya kawai yake buɗe masa ya ƙone. Ga kuma sanyi: a digiri 88 ƙasa da sifili yake tafasa, yana sanyaya iskar da ke shiga. In an ba shi fetur daidai, an ja tayimin baya, wato an jinkirta lokacin da fulogi ke ba da wuta, ina matsalar take?

Mai Gareji: Malam, rabin farko na maganarka na yarda da shi, rabin ƙarshe ne ban yarda ba. Injin nan doki 150 da 'yan kai yake bayarwa, 75 kusan rabin ƙarfinsa ke nan ka ɗora masa a cikin ƙiftawar ido. Kuma ba dokin ne abin dubawa ba, ƙarfin murɗawa ne. Jet ɗin naitiros, wato 'yar ƙofar da ke auna yawan iskar da ke shiga, bai san gudun inji ba, awo ɗaya yake zubawa a kowace daƙiƙa. Doki 75 a juyi 5,000 a minti ƙarin Nm 107 ne, a ma'aunin ƙarfin murɗawa. Wannan dokin dai a juyi 2,000 ya zama Nm 267, alhali injin gaba ɗaya wajen 220 yake bayarwa. Ka ninka masa kaya har da ɗoriya. A nan ne sandar fistin ke lanƙwashewa, gaskit ya ƙone. Fistocin da kamfani ya saka na zubi ne, ba na ƙira ba, ba sa jure ƙwanƙwasa, wato fashewar mai a silinda ba bisa ƙa'ida ba, tsagewa suke yi. Ni doki 50 nake cewa ga mai silinda huɗu, kuma a fara da 35.

Mai Saiti: Oga, ai hujjar taka tawa ce. Wa ya ce a buɗe a juyi 2,000? Don haka aka yi makunnin da ke bin juyin inji: ba ya bari iskar ta shiga sai an haura 3,000, ya yanke ta kafin a kai iyaka. Wanda ya buɗe a ƙasa, shi ya yi kuskure, ba tukunyar ba.

Injiniya: Ku bari in shigo, don akwai abin da ku biyun ba ku taɓo ba, kuma shi ne ya sa nake bayan Oga. Jadawalin jet da ke zuwa da kayan NOS, Nitrous Express ko ZEX an rubuta shi ne bisa sharuɗɗa biyu, kuma duka biyun ba mu cika su a nan.

Na farko fetur. Suna neman mai lamba 91 zuwa 93 a lissafin gidajen man Amurka, wanda ya yi daidai da 95 zuwa 98 a RON, ma'aunin jurewar fetur ga ƙwanƙwasa da muke bi a nan. Namu na gidan mai wajen RON 91 yake, wato 87 a lissafinsu. Mutum ya ga 91 a takarda ya ɗauka ya cika sharaɗi, alhali ma'auni biyu ne daban. Wannan kuskuren kaɗai ya isa ya fasa fistin.

Na biyu zafin tukunya. Jadawalin yana ɗauka matsin tukunya yana tsakanin psi 900 da 950, wato tukunyar tana wajen digiri 29 zuwa 30. Su can abin ɗumama tukunya suke saye saboda sanyi. Mu akasin haka ne. Naitiros idan ya wuce digiri 36 da ɗan kai ba ya zama ruwa kuma, matsin ya riga ya kai psi 1,050, daga nan hawa yake yi da sauri. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato inuwa ma tana wuce 40, balle but ɗin motar da ta wuni a rana. Matsin fetur yana nan inda yake, na naitiros ya tashi, haɗin ya yi ƙarancin mai, zafin silinda ya hau. Wani lokaci solonoyid ɗin ma, bawul ɗin lantarki da ke sakin iskar, ya kasa buɗewa da kyau saboda matsin ya fi ƙarfinsa. Saboda haka ko doki nawa aka zaɓa, sai da agogon matsi da direba ke gani daga kujerarsa. In ya haura 1,000 ba a taɓa makunni, a lulluɓe tukunyar da jiƙaƙƙen tawul har ta sauko.

Mai Saiti: Injiniya, maganar fetur gaskiya ce, na karɓa. Amma maganinta tayimin ne. Ƙa'idar da aka saba, digiri 2 baya a kowane doki 50. Da irin manmu sai a ƙara, a ba 75 digiri 4 ko 5. A sauya fulogi zuwa mai sanyi da mataki ɗaya ko biyu, wanda bakinsa bai fito waje sosai ba, a matse gibinsa zuwa milimita 0.8. A kula, a NGK da Denso babbar lamba ce mai sanyi, a Bosch da Champion ƙaramar ce. A saka agogon haɗin iska da mai irin mai faɗin awo a salansa, a tsaya tsakanin iska kashi 11.5 da 12.0 ga mai kashi ɗaya. Bayan gwajin farko a kashe inji nan take, a ciro fulogi huɗun. In an ga ɗigo-ɗigo baƙi ko masu ƙyalli a farar jikinsa, ƙwanƙwasa ce, fistin ya fara zubar da kansa, a rage jet.

Mai Wayarin: Da me za ka ja tayimin ɗin, Malam? Motar nan ba ta da distirbuta da za ka sassauta ka murɗa. Kowace silinda da kwayil ɗinta, biren bos, kwamfutar motar, ne ke ba da wuta. Ko dai a sake masa saiti, ko a ƙara masa na'urar da ke jan tayimin lokacin da naitiros ya buɗe. Wanda ya ce firikwensin ƙwanƙwasa zai cece shi ya yi kuskure, don shi sai an riga an ƙwanƙwasa yake ji, kuma a irin wannan matsin bugu kaɗan ya isa.

Tunda wayarin ne aikina, ga yadda ya kamata ya kasance. Makunnai huɗu a jere suke, in ɗaya bai rufe ba rile ba ya kamawa: babban makunni na hannu, na totur da ba ya kamawa sai an take shi har ƙasa, na juyin inji, da na matsin fetur da ke yanke komai idan famfo ya yi rauni. A masu totur na lantarki, daga siginar firikwensin totur ake ɗauka, ba a maƙala ƙaramin makunni a feda ba. Iyakar sama a saita ta juyi 300 zuwa 500 ƙasa da inda biren bos ke yanka, don shi nozul masu fesa fetur yake kashewa. Ku duba abin da zai faru: nozul sun tsaya, naitiros yana ci gaba da zuba. Solonoyid kuma ta rile da fiyus ɗinsa za a ba shi wuta daga batir, ba a rataye shi a wayar rediyo ba.

Mai Gareji: Madalla. To a ƙara da famfon mai. Doki 75 yana neman ƙarin fetur wajen lita 25 a awa. Famfon da ya shekara goma sha biyar a tanki, da matatarsa a toshe, a tsaye zai nuna psi 45 lafiya lau, sai an buɗe ya faɗi. A gwada shi yana zubawa, ba a tsaye ba.

Injiniya: Wannan ya kawo mu zaɓin kit. Busasshe naitiros kaɗai yake fesawa, nozul ɗin mota ne ke ƙara mai. Tsofaffin irinsa suna ɗaga matsin fetur ne ta regileta, amma wannan motar ba ta da layin mayar da mai, regiletarta na cikin tanki, dabarar ba za ta yi ba. Saura jiƙaƙƙe, mai fesa fetur da naitiros tare ta baki ɗaya. A dasa bakin bayan ayafulo mai auna iskar da ke shiga inji, wajen santimita 15 kafin totur, yana kallon inji. Shi ma da nasa haɗarin: manifol ɗin roba ne, an yi shi don iska kaɗai. A ƙaramin juyi fetur yana kwanciya a lunguna, wuta ta dawo baya, manifol ya tarwatse. Kuma rabon ba ya zama daidai, wata silinda ta samu mai da yawa, wata kaɗan, agogon salansa kuwa matsakaicin huɗun yake nunawa. Da girman jet da girman wannan bambancin tare suke tafiya. Layin fetur daga solonoyid zuwa baki a gajarta shi, don naitiros mai psi 900 yana riga mai psi 45 isowa.

Mai Saiti: To in an cika duk wannan fa, Oga? Har yanzu 50?

Mai Gareji: Har yanzu, saboda ringi. Zafi yana miƙar da ringin sama, in bakunansa biyu suka haɗu ba wurin tafiya, sai ya ɓalle kafaɗar fistin. Ga faɗin silinda milimita 88.5, naitiros yana son gibi kusan rabin milimita, kamfani ƙasa da haka yake bari. Ba a gyara wannan sai an buɗe inji, kai kuma ka ce ba a buɗe ba.

Mai Saiti: Injin da ya ci kilomita dubu ɗari biyu ai gibinsa ya riga ya buɗe da kansa.

Mai Gareji: Ya buɗe, amma baƙin mai ma ya samu hanya. Baƙin mai in ya shiga ɗakin ƙonewa rage ƙarfin fetur yake yi, ƙwanƙwasa ta zo da wuri. A auna kwamfireshan tukuna. In bambancin silinda ya wuce kashi 10 cikin 100, ko motar na shan baƙin mai, ko 35 kar a saka. Kuloci da giya ma suna cikin lissafin, kuma kada a bar iskar a buɗe lokacin canjin giya.

Mai Wayarin: Kafin a watse, tukunyar kanta. Akwai bututu a cikinta da ke ɗebo ruwan daga ƙasa, shi ya sa ake kwantar da ita bawul yana kallon gaban mota, an ɗaga shi wajen digiri 15, takardar jikinta tana sama. A ɗaure ta da kusoshi da suka ratsa ƙarfen but. Faifan kariyarta a psi 3,000 yake fashewa, a jona masa bututu ya fita wajen mota, don in ya zuba a ciki direba sumewa zai yi. Da sikeli ake cika ta, kilo 4.5 ga mai fam 10, ba a ƙara ko kaɗan. Man giris ko baƙin mai kada ya taɓa cikin layin, ba a ɗumama ta da wuta, ba a naɗa farin tef a zaren, guntunsa ke maƙale solonoyid a buɗe. Ruwan in ya taɓa fata ƙuna yake yi. An gama gudu a rufe bawul, a fitar da abin da ya rage a layi. In ana zargin iskar ta sulale cikin manifol inji na kashe, kada a tayar: a cire wayoyin kwayil, a take totur, a juya inji ya fitar da ita tukuna. Kuma duk wannan na filin tsere ne da aka killace, ba na titin da Keke Napep da 'yan makaranta ke tsallakawa ba.

Mai Saiti: Na sauko zuwa nan: da man gidan mai, 50, kuma a fara da 35 a karanta fulogi. Amma in an samu fetur mai RON 98, an ja tayimin ta biren bos, tukunya tana 950, ina nan kan 75 ɗina.

Mai Gareji: A kawo sakamakon kwamfireshan da hoton fulogi huɗun bayan gwajin 50, Malam, sai mu yi maganar jet na gaba.