Neman kalma: me za mu kira "epicalyx" da Hausa?

Malamin kimiyya, Zariya: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koya wa ɗalibai yadda ake bambance tsirran dangin kuɓewa, rama da auduga, waɗanda masana ke kira Malvaceae. Na gona kowa ya san su. Na daji ne rigimar: ganye mai gashi-gashi, fure rawaya, tsayi kusan ɗaya. Abin da ake fara dubawa shi ne epicalyx, wato ƙananan ganyayyakin da ke kewaye gindin fure, ƙarƙashin kofin da ke riƙe da shi. Wani tsiron na da su, wani babu. Wane suna za mu ba su?

Mai sana'ar zoɓo, Kano: Malam, in na fahimta, 'yan tsinkayen nan ne da ke gindin ɓawon zoɓorodo, wajen guda goma? Ni dai geza zan ce. Gezar fure.

Malamin gona, Maraɗi: Hajiya, geza ta dace da yakuwa da rama, amma leƙa gonar auduga. Nata uku ne kacal, faffaɗa, masu baki kamar zarto, har suna lulluɓe ƙwallon yana ƙarami. Wa zai kira wannan geza? Ni na fi son gammo, tunda a ƙasa yake zaune, kayan na bisansa.

Kuma abin ba na aji kaɗai ba ne. Garmani, Sida cordifolia, ya cinye mana makiyaya da burtali, dabbobi ba su damu da shi ba. Yana da sa'o'i masu kama da shi. Juya furen ka duba gindi: garmani ba shi da gammo ko kaɗan. In ka ga 'yan ganyayyaki sirara uku, wani tsiro ne da masana ke kira Malvastrum. Rama-rama kuwa biyar gare ta, haɗe daga tushe, ga furenta ja-ja.

Ɗalibi, Sakkwato: Ranka ya daɗe, to ɗan'uwansu da ake kira Abutilon fa? Shi ma ai ba shi da gammo.

Malamin gona, Maraɗi: Haka ne, ɗana. Nan sai ka jira 'ya'ya su bushe, ka ɓare. Kowane ɗaki na 'ya'yan Sida, wato su garmani, ƙwaya ɗaya ce ciki. Na Abutilon galibi biyu ne ko fiye.

Malamin kimiyya, Zariya: Na karɓi gammon fure. Akwai wanda ya turo mini "efikalis", amma wannan sai an sake fassara shi kafin yaro ya gane. Hajiya, ba mu yar da shawararki ba: kowane ɗan ganye a jikin gammon sai mu kira shi yatsa, don a iya ƙirgawa. Auduga gammo mai yatsu uku, yakuwa mai yatsu 8 zuwa 12, garmani marar gammo.

Mai sana'ar zoɓo, Kano: Na yarda, Malam. To shi jan ɓawon da muke jiƙawa, wanda kuka kira kofi, yaushe za a zauna a kan nasa sunan?