In bar shagon kawu in kama poka gadan-gadan?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nike nema. Wata huɗu kenan ina buga kartar poka a waya da dare, na ci wajen jikka 380, alhali shagon kawuna inda muke saida kayan moto jikka 50 nike samu a wata. In aje aikin in maida ta sana'a? Ina da mata da ɗiya guda.

Na Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, 380 ɗin nan ka cire duk abin da ka zuba ko abin da ka hiddo kawai ka ƙirga? Na yi shekara biyu cikin abin nan shi ya sa nike tambaya. Wata huɗu ba komi ba ne, masu yin ta sana'a sai sun buga dubun dubatar zagaye kahin su gane iyawa ce ko sa'a, ga masu wurin suna yankar nasu wajen kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka tara a tebur, ka ci ko a cinye ka su dai sun samu. Kuma sai kana da jari dabam, kuɗin zama tebur kamar sau 30, wanda ba ka taɓawa ko don cefane. Ni wata uku a jere ina hasara, wani dare rezo ya ɗauke ina riƙe da karta mai kyau, ƙarshe motona na saida.

Maman Iro:
Ɗana ka ji tsoron Allah, wannan caca ce ko da wane suna aka kira ta. Buɗe Ma'ida aya ta 90, tare da giya aka ambace ta. Da wannan kuɗin za ka ciyar da yarinyar?

Mai Shayi:
A fadarmu kullum labarin Chris Moneymaker ake, wanda ya ci dala miliyan 2 da rabi a wata gasar poka a Las Vegas a 2003. Amma mutum 839 suka shiga gasar nan, kujera guda dala 10,000, mafi yawansu hannu rabbana suka koma gida.

Ɗan Bagalam:
Yaya na duba saƙonnin wayata yanzu, ashe na zuba jikka 140 da ban sa a lissahi ba. Saura 240, jikka 60 kenan a wata, kuma sai ƙarhe uku nike kwanciya. Mama na ji maganarki, wallahi ta dame ni tun ba yau ba. Gobe da sahe ni zan buɗe shago.