Akwai ma'aunin da ke nuna wayar da za ta gyaru?

Mai Gyara, Farm Centre:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gyaran waya nake yi a Kano. Wata wayar noti kawai zan kwance na canza batir, wata kuwa an liƙe ta da gam, sai na gasa bayanta da hita ina fargabar kar gilashin ya tsage. Idan kuɗin sikirin ya kusa rabin kuɗin sabuwa, mai ita cewa yake a bar ta, sai buhun ɗan jari-bola, alhali injinta lafiya lau. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Shin akwai ma'aunin da zai nuna wa mai saye wannan tun bai biya ba?

Ɗalibi a Faransa:
Wa'alaikumus salam, Malam. Akwai. A Janairun 2021 Faransa ta wajabta nuna makin sauƙin gyara daga 0 zuwa 10 a wurin sayar da waya, kwamfutar cinya, talabijin da injin wanki. Ana duba ko akwai littafin gyara, sauƙin kwancewa, samuwar kayan gyara da kuma farashinsu. Daga 20 ga Yunin 2025 Tarayyar Turai ta fito da nata tambarin na waya, mai nuna sauƙin gyara daga A zuwa E. Dole batir ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa, kamfani kuma ya tanadi kayan gyara har shekara 7 bayan ya daina sayar da samfurin.

Hajiya Mai Shago:
Ɗana, wa yake ba da makin? Na ji a Faransa kamfanin ne ke yi wa kansa lissafi. Kuma kayan da aka ce suna samuwa, a can ne. Nan sai an jira oda daga China, da dala.

Mai Gyara, Farm Centre:
Gaskiyarki Hajiya. Amma batun kwancewa bai san ƙasa ba, gam ɗin da ke Faris shi ne a tebur ɗina. Wannan ɓangaren zan riƙa nuna wa masu sayen tokumbo. Ɗalibi, don Allah turo min hoton tambarin in buga in manna a shago.