Koyiloba ga motar da ke bin titunan Zariya: muhawara a zauren masu motoci

Mai Jar Mota (Hanwa): Assalamu alaikum, 'yan zaure. Kuka na kawo, kuma ina neman shawara. Motata Scion FR-S ce ƙirar 2013, wadda ake kira Toyota 86 a wasu ƙasashe, kuma tun ƙarshen damina shokazobarta ta gaba take yoyon mai. Na kai ta wani gareji a Sabon Gari, na shaida wa mai garejin cewa ina so in canza ƙafar gaba ɗaya in sa koyiloba, wato shokazobar nan mai zare a jiki, wadda ake murɗa zobbanta a ɗaga mota ko a sauke ta. Sai ya ce wannan aikin yara ne masu wasan mota ranar biki, ya lallashe ni na sayi 'yan Beljiyam guda biyu. Ko mako uku ba su cika ba ta hagu ta jiƙe da mai, shi kuma ya ce ramuka ne suka kashe ta, ba zai mayar mini da ko kwabo ba. Ni dai matsayina shi ne, koyiloba mai kyau ita ce ta fi dacewa da motar tsere ko da a titunan Zariya take yawo, domin ita ce ke ba mutum damar zaɓar tsayin motarsa da kansa. Tsakanin KW V1 da Bilstein B14, ƙirar Jamus, da Tein Flex Z ta kamfanin Japan, wacce kuke ganin ya kamata in yi oda?

Direban Kwangila: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Amma Malam, kafin a kai ga shawara, wace ce motar tseren? Injin motarka lita 2 ne, ƙarfin dawaki 200. Camry ta zamanin motarka mai injin V6, wato mai silinda shida, wadda magidanta ke kai yara makaranta da ita, tana da 268. Shekara da shekaru ina bin hanyar Zariya zuwa Kaduna, ban taɓa ganin irin motarka ta wuce ni ta ɓace ba.

Injiniya na Samaru: Direba, ka ɗauki lamba ɗaya ka bar sauran. Nauyin motarsa bai wuce kilo 1,250 da 'yan kai ba, Camry ɗin da kake faɗa kuwa ta haura kilo 1,500. Tasa da tayoyin baya take ja, kuma injinta kwantacce ne, silindojinsa huɗu suna kwance biyu a kowane gefe, shi ya sa nauyinta yake ƙasa ƙasa, ba ta rinjaya a kwana kamar sauran motoci. Ba don miƙaƙƙiyar hanya aka ƙera ta ba, kuma tsere bai taƙaita ga miƙaƙƙiyar hanya ba.

Alhaji na Tudun Wada: Ku yi haƙuri in sa baki, domin kalmar ce ba a ajiye ta a muhallinta ba. A Hausa tsere gasa ce, sai an sami abokin karawa da fili da alƙali, kamar yadda ake sukuwar dawaki. Motar da ke da lamba da takardu da na'urar sanyaya ciki, mai ita yana zuwa kasuwa da ita, ba za a kira ta motar tsere ba. A ce motar ƙawa, magana ta zauna.

Injiniya na Samaru: Ranka ya daɗe, motar ƙawa kuma ai ta manyan mutane ce, mai faɗin kujera da taushin ƙafa. Wannan ko mutum biyu ba sa zama a bayanta da daɗi.

Direban Kwangila: To kun gani, ba ta tsere ba ce, ba ta ƙawa ba ce. Kuma ma ba Toyota ce ta haɗa ta ba, a masana'antar Subaru da ke Gunma a Japan aka ƙera ta, ku buɗe bonet ku karanta sunan da ke kan injin. Sunan Scion ɗin ma an daina amfani da shi tun 2016.

Mai Jar Mota: Don Allah ku kira ta duk abin da kuka ga dama. Tambayata a kan ƙafa take.

Baba Makaniki (Muciya): Ɗana, ni abin da ya tsaya mini shi ne yadda ka shigo da maganar gareji, kamar mu masu aikin ƙafa a garin nan ba mu san abin da muke yi ba. Ban san wanda ka je wurinsa ba, kuma ban goyi bayan ya hana ka kuɗinka ba, amma kowa ya san shokazobar Beljiyam sa'a ce, domin ta riga ta ci rabin rayuwarta a wata ƙasa kafin ta zo hannunka. Game da abin da kake son saya kuwa, na kwance irinsa da hannuna. Zaren nan da ke jikinsa a buɗe yake, laka ta shiga da damina, ƙurar hunturu ta bi ta kanta, idan ba ana wankewa ana shafa masa mai ba, wata rana za ka sa sifana zoben ya ƙi motsi. Wasunsu kuma a samansu ƙwallon ƙarfe ne a maimakon roba, da zarar yashi ya ci shi sai ka riƙa jin ƙwanƙwasa a kowane rami. Sannan ranar da ta yi yoyo, wa zai buɗe maka ita ya sake cika ta? Ka zagaya Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka nemo mini ƙwaya ɗaya ta canji, in ka samu ka zo mu yi magana.

Injiniya na Samaru: Baba ya faɗi gaskiya a kan ƙura, sai dai ba ita ce babbar matsalar ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci a hanya irin tamu, taurin sifirin da kuma tazarar da shokazoba ke da ita kafin ta dunguri robar ƙarshe. Sifirin ɗin gaba da motar ta zo da shi bai kai kilo 3 a kowace milimita ba, alhali da yawa daga cikin waɗannan kayan suna zuwa da kilo 5 ko 6, kusan ninki biyu ke nan. A filin gasa mai santsi wannan alheri ne. A kan gargada kuwa taya za ta riƙa tsalle tana rabuwa da ƙasa, kuma tayar da ba ta taɓa ƙasa ba ta yin birki. Tsakanin cikin motar da ƙasa santimita 13 ne ko ƙasa da haka kaɗan tun daga kamfani, saboda haka duk santimita 3 da aka sauke an cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tazarar. Kuma Malam Mai Jar Mota, ka lura da wannan da kyau, yawancinsu don saukewa aka yi su, akwai waɗanda ko ka murɗa su har ƙarshe ba za su dawo da motar tsayinta na asali ba. Ka duba iyakar da kamfanin ya rubuta wa motarka kafin ka biya kuɗi. Flex Z tana da fifiko ɗaya a nan, ana canza tsayinta daga gindin gangar jiki ba tare da an taɓa matsin sifirin ba, kuma tana da matakai 16 na sassauta ko ƙara ƙarfin riƙon shokazobar. KW V1 da B14 tsayi kawai ake saitawa, ƙarfin riƙonsu daga kamfani yake a ɗaure.

Ɗan Palladan: Injiniya, kullum idan aka zo maganar kaya sai ka karkata wajen Japan. Yawan matakai ba shi ne inganci ba. BC Racing ta Taiwan tana da 30, shin ta fi Bilstein ke nan? Gangar jikin KW da ƙarfen da ba ya tsatsa aka yi ta, wannan kaɗai ya amsa rabin kukan Baba. Bajamushe ya gwada ya ɗaure maka saitin da ya dace, ya hutar da kai daga murɗe-murɗen da ba ka san kansa ba.

Injiniya na Samaru: A kan titin Jamus ya gwada, Malam, bai gwada a layin Hanwa bayan ruwan Agusta ba. Kuma tsatsa daban, yashi daban.

Ɗan Palladan: Shi Bajapanen a Kwangila ya gwada tasa?

Hajiya ta Gyallesu: Ni ban san sunayen nan ba, amma ƙanena ya sauke tasa bara, kuma duk tudun rage gudu sai ya karkace ya hau shi a kaikaice, motoci da 'yan Keke Napep suna jira a bayansa. Cikin wata shida gefen ciki na tayoyinsa na gaba ya cinye, domin ba a yi masa saitin ƙafa ba bayan an ɗaura. Kalmar tseren nan ita ce ke sa samari wannan aiki, shi ya sa na goyi bayan Alhaji.

Direban Kwangila: Hajiya ta gama magana. Da an daina kiranta motar tsere, da babu wanda zai nemi sa mata ƙafar tsere.

Shugaban Zaure: Jama'a, maganar ta yi tsawo, bari in tattara abin da aka cimma. An amince cewa motar ba ta tsere ba ce, kamar yadda Alhaji ya yi bayani. An amince cewa makanikan garinmu ba su da laifi a wannan lamari. Game da zaɓi kuwa, hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kayan Jamus, kuma ni shaida ne, Bilstein ce a ƙarƙashin motata shekara huɗu ke nan ban taɓa ganin ɗigon mai ba. Saboda haka shawarar zaure ita ce B14.

Injiniya na Samaru: Shugaba, da girmamawa, ban amince da ko ɗaya daga cikin matsaya ukun da ka lissafa ba, kuma mutum ɗaya ne kawai ya yi wa kayan Jamus magana. Taka ma ai shokazoba ce ta tsayin asali a ƙarƙashin jif, ba koyiloba ba ce.

Mai Jar Mota: Baba, ban yi nufin zagin sana'arku ba, ka gafarce ni, amma kuɗina dai ya tafi. Injiniya, gobe da safe zan auna tazarar cikin motar da kuma tudun da ke bakin layinmu in turo maka, ka taya ni duba wacce a cikin ukun ke iya tsayawa kusa da tsayin asali. Idan kuma akwai wanda ya san inda ake saitin ƙafa da kwamfuta, har da karkatar taya, a nan Zariya ko a Kaduna, ya yi mini magana ta gefe.