Baƙuwarmu ta ce in gyara Hausata kafin a buga, mi kuka gani?

Ba'adare_Tawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya asabar bayan isha'i munka yi zaman ƙungiyarmu ta marubuta nan Tawa, ba mu da yawa ba mu kai ashirin ba, akwai mushe (malaman makaranta) biyu, ƴan jami'a, da wata mai ɗinki da ke rubuta waƙa cikin kaye (littahin rubutu) tun tana CEG, wato ƙaramar sakandare. Wannan karon Allah ya kawo muna baƙuwa, wata Hajiya marubuciya daga Damagaram wadda anka buga littattahanta a Kano, biki ta zo wajen dangi sai shugabanmu ya roƙe ta ta ba mu dare guda kuma ta yarda. Tabarmi munka shimhiɗa tsakar gida, shayi bisa wuta, lantarki ya ɗauke har sau biyu munka ci gaba da hasken salula babu wanda ya tashi.

Bayan ta karanta muna nata sai anka ce kowa ya karanta shahi biyu. Ni na karanta labarina na wani yaro da ya tahi bida Abijan ya bar uwa tai ita ɗai da gona, shekara huɗu ba waya ba saƙo. Da na gama ta yi shiru, sannan ta ce ɗana labarin ya taɓa ni, amma in kana son ya wuce Konni ya shiga Najeriya sai ka gyara bakinka a takarda, ka sa tafi ba tahi ba, muka ba munka ba, gidansa ba gidanai ba. Wallahi ban yi barci da daɗi ba. Tsohuwar da ke cikin labarin da muryar innata na rubuta ta, in na sa ta ce "ya tafi" ba ita ba ce kuma, wata ce daban. To ina tambaya tsakani da Allah, in bi maganar Hajiya ko in bar shi yadda ya hito min?

Mushe_Yamai

Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko ka gode ma Allah da ka samu wadda ta saurare ka har ta faɗa maka gaskiyar abin da ta gani, baƙi da yawa masha Allah kawai suke cewa su sha shayi su tafi.

Abu biyu ne ka haɗa. Akwai ƙa'idar rubutu, akwai kuma karin harshe. Ƙa'ida ita ce inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da ɗ da ƙ da ɓ, mu nan Nijar muna rubuta ƴ su Najeriya suna sa 'y, wannan ba ruwanshi da ko kai Ba'adare ne ko Bakano, dole kowa ya koya. Shi kuwa karin da ake ce ma daidaitacciyar Hausa bisa bakin Kano aka gina shi, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a 1939 da littattafan makaranta na Zariya da gidajen rediyo su suka baza shi har kunne ya saba. Hajiya ba ƙarya ta yi ba, kasuwar littafin Hausa can take, mai karatu a Kano in ya buɗe shafin farko ya ci karo da gidanai da uwa tai yana iya ajewa. Shawarata, muryar mai ba da labari ka yi ta da daidaitacciya, amma in tsohuwa ta buɗe baki ka bar ta da Adarancinta, kar ka taɓa ko wasali guda. Haka nake gwada ma ɗalibaina kuma yana tafiya.

Ɗiyar_Konni

Mushe ka yi haƙuri da girmanka amma ni ban yarda duka ba. Don mi kullum mu ne za mu gyara? wa ya ce munka da sunka na Adar ne kawai, je ka Sakkwato je ka Kabi je ka Zamfara je ka Gobir duk haka ake magana, waɗannan ba masu karatu ba ne? Narambaɗa da wane baki ya yi waƙa, kuma har gobe Kanawa na saurarenshi ba su ce a fassara musu ba. Waƙoƙin ajami na zamanin su Nana Asma'u cike suke da anka da sunka, tun kafin a san boko. Yanzu tun 2025 an ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, to in mu da kanmu muna jin kunyar rubuta yadda iyayenmu ke magana wace Hausa za mu ba yaranmu a lakwal? Ni abin da ke min ciwo ke nan, ƙanena ya dawo daga kallon fim yana gyara ma kakarmu magana, ta ce hura ya ce mata fura ake cewa, tsohuwa ta yi shiru ta sunkuyar da kai. Yaya Ba'adare don Allah ka bar labarinka, in da kalmar da ka san za ta ba baƙo wuya ka sa ta inda zance zai bayyana ta shi ke nan.

Mai_Kaye

Nima ina wurin jiya, ni ce mai ɗinkin da ya faɗa. Malam Ba'adare ina ga zafin maganar ya hana ka jin sauran abin da ta ce. Bayan ka fita raka su shugaba ta sake ɗauko zancenka, ta ce wurin da tsohuwa ke zuwa tasha duk ranar da motar Abijan za ta iso ta tsaya tana duban masu sauka shi ne zuciyar labarin amma ka wuce shi da layi uku, ka tsaya kana ta bayanin talauci wanda kowa ya sani. Ni wannan gyaran ya fi min na tahi da tafi nauyi. Kuma ta ce cikin shafi ɗaya ka rubuta tahi a sama tafi a ƙasa, ka ga ko wane ka zaɓa sai ka tsaya kanshi.

Mu ma da namu laifi, mun ba ta mutum tara su karanta cikin dare guda ba ta taɓa ganin rubutun kowa ba, ta ina za ta yi ma kowa adalci. Gaba in za mu kira baƙo mu tara ko jika jika ne a yi hotokwafi ko a tura mishi ta WhatsApp sati guda kafin ya zo, kuma mutum uku sun isa.

Mushe_Yamai

Ɗiyata ba mu saɓa sosai ba, ni ma bakin Arewa ta Dogon Dutsi na tashi da shi. Tsorona kawai kar a fake da kare karin harshe a ƙi koyon ƙa'ida, ina ganin rubutu da yawa inda ake haɗe "ya na" da "yana" yadda aka ga dama a ce wai Hausarmu ce.

Ba'adare_Tawa

Na gode ƙwarai dukanku. Mai Kaye wallahi ban ji wannan maganar ta tasha ba, kuma gaskiya ta, na gudu daga wurin ne don innata ce ta yi wannan tsayuwar shekara biyu tana jiran wana, da na zo rubutawa hannuna ya ƙi. Daren nan zan koma kanshi. Maganar tsohuwa ba zan taɓa ba, ta mai ba da labari kuma zan rubuta shahin farko iri biyu in kawo asabar mai zuwa ku saurara da kunnenku. Hajiya sai talata take komawa Damagaram, shugaba ya ce zai kai ni in gaishe ta gobe da la'asar, zan tahi da takardun. Mushe don Allah wane kibod kake sawa a waya mai ƴ, nawa ɗ da ƙ kawai gare shi.